Me Ke Kaɗa Motar Kawu?

A tsaye lafiyarta ƙalau. A tayar da inji, a taka totur har ya yi kuka, babu abin da zai motsa a cikinta. Sai an saki kuloci ta fara tafiya, tsakanin giya ta ɗaya da ta biyu, sannan wata karkarwa ta taso daga ƙarƙashin kujera, ta yi 'yan daƙiƙu ta lafa. Daga nan shiru, har allura ta doshi 70. A nan sitiyari zai fara rawa a hannu, wani gurnani ya cika cikin motar, madubin tsakiya ya dushe har ba ka iya bambance tirela da ƙaramar mota a bayanka. Haka Hilux ɗin kawuna mai ƙofa huɗu ta koma tun da aka ɗaga ta.

Ba don gayu aka ɗaga ta ba. Kawu fataucin hatsi yake yi. Da kaka yana bin ƙauyukan Tudun Wada da Doguwa yana sayen masara da shinkafa shanshera, da damina kuma ya kai wa manoman da yake hulɗa da su taki da maganin feshi, har cikin ƙauyukan da ke gefen dajin Ɗansoshiya a ƙaramar hukumar Kiru, inda gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ware fili domin tsugunar da makiyaya. Wanda bai san kudancin Kano ba yana zaton duk jihar rairayi ce shimfiɗaɗɗiya. Nan ƙasar ta fi arewa samun ruwa, jar ƙasa ce da laka, ga rafuka suna gangarawa Kogin Kano kafin ya shiga madatsar Tiga da aka gama a 1974, zamanin Audu Baƙo. Can wajen Riruwai kuwa duwatsu ne. Da zarar ka sauka daga kwaltar da ta taso daga Kwanar Ɗangora ta ratsa Tudun Wada da dajin Falgore, za ka tarar tayoyin tarakta da na amalanke sun haƙa ramuka biyu sun bar tudu a tsakiya, kuma tudun nan ne ke kama cikin mota ya dasa ta wuri ɗaya.

A wani gareji a cikin birni aka yi aikin. Aka ƙara falle a sifirin na baya, aka sa shakul masu tsawo, aka ɗaga gaba daidai da haka, aka ɗaura manyan tayoyi masu haƙora. Bayanta ya tashi da kusan inci 3, wato santimita 7 da rabi. Tun a hanyar komawa gida ta fara rawa.

Abin da ya biyo baya shi ne abin da ya fi ɓata mini rai a harkar gyaran mota a ƙasar nan: sayen kaya da ka. An yi wa tayoyi balansin. An canja mazaunin inji. An canja shokazoba da ba su daɗe ba. An canja kuros ɗin farfela, ya mutu, aka sake. Kowane gyara sai motar ta yi kamar ta warke, a yi kwanaki, ta dawo gidan jiya. Direban Kawu ya ce kayan jabu ake sayo musu. Wani ya ce a sauke giyabos. Wani maƙwabci, da zuciya ɗaya, ya ce a haɗa da addu'a, bakin mutane ya yi yawa a kan motar. Kuɗin da aka zuba sun isa sayen taki na gona guda, kuma har lokacin babu wanda ya tsaya ya tambayi motar a wane hali take rawa, a wane hali take dainawa.

Wanda ya yi tambayar wani dattijon bakanike ne mai rumfa kusa da Kwanar Ɗangora, wanda ya yi ƙuruciyarsa a ƙarƙashin Land Rover da tifa. Kowa Baba yake ce masa. Na raka Kawu wurinsa, kuma abin da na fara lura da shi, bai ɗauki sufana ba.

"Alhaji, kafin a ɗaga ta tana yi?"

"Ko kaɗan."

"To ba tsufa ba ne. Wani abu aka taɓa. Mu hau."

Ya zauna a kujerar gaba, ya cire takalmi ya ɗora tafin ƙafa a kan daɓen motar, hannu ɗaya a kan dashbod. Muka hau kwalta ta wajen Tudun Wada. Da allura ta kai 80 a giya ta huɗu ya ce wa direba ya sa ta biyar, ya riƙe gudun yadda yake. Kukan inji ya sauka, rawa ba ta canja ba. Da muka samu miƙaƙƙen wuri babu kowa ya ce a sa ta a firi. Inji ya koma silo, mota tana gangarawa da kanta. Sitiyari ya ci gaba da rawarsa daram. Gurnanin ƙasa kuwa ya ragu sosai, amma bai ɗauke ba. Da direba ya mayar da giya ya taka, sai ya dawo da ƙarfinsa.

"Inji ya fita daga zargi," in ji Baba. "Abin da ke bin gudun mota ba ya bin juyin inji, to daga giyabos ne zuwa ƙasa. Kuma Alhaji, ba rawa ɗaya ce a motar nan ba. Biyu ce. Ɗaya a hannu, ɗaya a mazauni."

Baba ba ya faɗin wannan da alƙaluma, amma alƙaluma suna bayansa. Tayar da ke kan motar, idan ta juya sau ɗaya tana cin ƙasa kusan mita 2 da rabi. A gudun kilomita 80 a awa mota tana cin mita 22 da ɗoriya a daƙiƙa, ke nan taya tana juyawa kusan sau 9 a daƙiƙa. Abin da ke bugawa sau 9 a daƙiƙa hannu yana jin sa ɗaya bayan ɗaya, kaɗawa ce, ido ma yana ganin sitiyari yana lilo. Farfela kuwa, saboda haƙoran da ke cikin aksil na baya, tana juyawa kusan sau 4 kafin taya ta juya sau ɗaya, wato wajen sau 36 a daƙiƙa. Wannan ya wuce abin da jiki ke ƙirgawa. Kunne ne ke jin sa a matsayin gurnani, madubi kuma ya dushe. Duk wanda ya iya raba waɗannan biyun ya riga ya yi rabin aikin.

Da ta hannun aka fara, don ita ce mai arha. Aka sa weji, aka ɗaga gaba, aka kwance ƙafa. Daga waje wilin fes yake. Da aka kifa shi sai ga jar laka ta bushe ta manne a cikinsa ta gefe ɗaya, kauri ya kai yatsa biyu, ta yi tauri har sai da yaron Baba ya sa guduma da kurfi. Abin da ya ɓamɓaro ya cika tafin hannu biyu. A ɗaya ƙafar kuma dalmar balansin ta fita, sai sawunta a bakin wili. Dalmar da ake maƙala wa taya 'yan giram ce, ga laka mai nauyin da ya ninka ta sau da yawa tana zaune a wuri ɗaya.

Nan ne aka gane abin da ya daɗe yana ruɗa kowa. Duk lokacin da aka kai motar birni gyara, sai an biya da ita wurin wanki an fesa mata ruwa mai ƙarfi har ƙarƙashi. Laka ta fita, sitiyari ya natsu, a ce sabon kayan da aka sa ne ya yi aiki. Ta koma ƙauye ta taka taɓo, ta kwana ya bushe, rawa ta dawo, a ce kayan jabu ne. Ruwan wanki ne yake warkar da ita na 'yan kwanaki, ba shokazoba ba.

Aka kankare ƙafafu huɗu, aka kai su inda ake da injin balansin, aka ɗaura. Sitiyari ya tsaya cak a 80. Kawu ya yi hamdala ya fara laluben aljihu. Baba ya nuna masa madubi. Har yanzu a dushe yake, kuma karkarwar tashi tana nan.

Saura gurnani. A irin wannan motar, in ba a sa ogizilari ba, farfelar baya ce kaɗai ke tura mota. Baba ya sa aka hau da ita kan rami, ya ɗauki farin fenti ya ja layi a kowace mahaɗa, inda farfela ta kama akwatin ogizilari da inda ta kama hancin aksil, domin ta koma yadda aka same ta. Aka kwance notina, aka sauke ta gaba ɗaya. Farfelar Hilux mai ƙofa huɗu gaɓa biyu ce, da kuros uku, ɗaya a gaba, ɗaya a tsakiya, ɗaya a baya, sai boris na tsakiya da ke zaune cikin roba yana rataye da ita a jikin shasi. Ya ce wa direba ya sa ogizilari, ƙafafun gaba su ja motar.

"Gwaji ne kawai," ya ce, "ba hanyar zuwa Doguwa ba ce. A hankali za ka ɗauke ta."

Ta tashi sumul. Ta kai 70, ta kai 80, madubi tar, kana iya karanta lambar motar da ke biye da kai. Ƙafafun baya suna juya haƙoran aksil duk tsawon gwajin, kuma ba su yi ƙara ba. Da muka dawo Baba ya kama hancin aksil ya jijjiga sama da ƙasa, babu wasa.

"Shi ke nan," in ji Kawu, "gobe a je kasuwar Ƙofar Ruwa a sayo farfela."

"A'a, Alhaji. Abin da muka gani shi ne in ba ta nan babu rawa. Bai gaya mana ko ita ce ba ta da lafiya, ko zaman da aka yi mata ne ba daidai ba. In zaman ne, sabuwa ma rawa za ta yi."

Ya ɗora ta a kan itace biyu masu tsaga, ya kafa ƙusa a gefe ta kusan taɓa bututun, ya sa yaro yana juyawa a hankali. Tazarar da ke tsakanin ƙusa da ƙarfe ba ta canja ba, ke nan ba ta lanƙwashe ba. Babu inda dutse ya lotsa ta. 'Yan faifan ƙarfen da masana'anta ke liƙa mata da walda don daidaita nauyi suna nan. Robar boris na tsakiya ta yi laushi, ta fara tsagewa a gefe, amma boris ɗin yana juyawa lafiya. Ya kuma tuna mana abin da muka ji a hanya: farfelar da nauyinta ya karkace ba ruwanta da totur, ko an taka ko an saki rawarta ɗaya ce, gudu kaɗai take bi. Tamu kuwa tana ƙaruwa in an taka.

Sai ya tambayi direba ko tsofaffin kuros ɗin da aka cire suna nan. Suna nan, a leda, a bayan kujera. Ya zare hular ɗaya ya juye a tafin hannunsa. Allurai suka zubo, siraran sandunan ƙarfe da ke zagaye da ƙafar kuros, babu wadda ta karye. Giris yana nan, amma ya yi baƙi ƙirin, yana warin ƙuna. Ya goge ƙafar da tsumma ya miƙo mini. Ƙarfen ya yi shuɗi-shuɗi, kuma in ka bi shi da farce kana jin sawun allurai layi-layi.

"Wannan ba jabu ba ne, kuma ba rashin giris ne ya kashe shi ba. Wahala ce. Daga ina aka cire su?"

Direba ya yi tunani. "Duka biyun na tsakiya ne, Baba."

A nan dole in tsaya in faɗi abin da kuros yake yi, don sauran labarin a kansa ya rataya. Aikinsa ya ɗauki juyi daga sanda ɗaya ya miƙa wa wata wadda ba ta miƙe da ita ba. Tsohuwar dabara ce. Turawa suna danganta ta da Gerolamo Cardano na Italiya a ƙarni na 16, kuma Robert Hooke na Ingila ya yi nazarinta a ƙarni na 17. Clarence Spicer ne a Amurka ya samu lasisin mallakar irin wanda ya dace da mota a 1903, lokacin da yawancin motoci sarƙa ke juya musu ƙafa. Abin da Hooke ya lura da shi har yau bai canja ba: idan akwai kusurwa tsakanin sandunan biyu, ko da ta farko tana juyawa bai ɗaya, ta biyu ba ta yin haka. A kowane juyi ɗaya tana yin sauri sau biyu, ta yi nawa sau biyu. In kusurwar digiri 4 ce, bambancin bai wuce rubu'in kashi 1 cikin 100 ba. In ta kai digiri 8, ya kusa kashi 1 cikin 100 sama da ƙasa. An ninka kusurwa sau biyu, fizgar ta ninku sau huɗu. Kashi 1 cikin 100 kamar ba komai ba, amma ka tuna ƙarfe ne mai nauyi, yana ɗauke da ƙarfin inji, kuma a gudun 80 ana fizgarsa ana saki fiye da sau 70 a daƙiƙa.

Maganin shi ne kuros na biyu ya warware abin da na farko ya ƙulla. Lugude ke nan: mata biyu a turmi ɗaya, wannan ta ɗaga taɓarya lokacin da waccan ta sauke, daka ya tafi daidai. In suka sauke tare, taɓare suka haɗu, turmi ya yi tsalle. Kafin kuros biyu su yi lugude sai an cika sharaɗi biyu. Kunnuwan da ke riƙe da su a bakin sanda nan da can su kasance a layi ɗaya. Kusurwoyinsu kuma su yi kusan daidai da juna.

Baba ya kwantar da farfelar a kan siminti, ya juya gaɓar baya har kunnuwan gefe ɗaya suka kwanta a ƙasa, ya durƙusa ya kalle ta daga ƙarshe da ido ɗaya. Ya kira Kawu.

"Alhaji, duba can."

Kunnuwan wancan gefen a tsaye suke, sun kusa yin gicciye da na wannan. Gaɓar baya tana da wurin da take zamewa ciki da waje a kan haƙora, domin ta ƙara tsawo ko ta rage yayin da sifirin ke aiki. Ranar da aka ɗaga motar, da aka kwance sifirin aksil ya sauka, ga alama sandar ta zare, aka mayar da ita yadda ta shiga. Haƙoran suna karɓar ta ta kowace fuska, babu abin da zai nuna maka ka yi kuskure. Waɗanda suka canja kuros daga baya kuma kuros suka zo canjawa, ba su kalli sandar daga ƙarshe ba. Maimakon na baya ya rage fizgar na tsakiya, ƙara mata yake yi.

Aka zare, aka wanke haƙoran da fetur, aka shafa giris, aka juya har kunnuwa suka yi layi, aka mayar. Aka ɗaura farfela bisa alamun fenti. A hanya gurnanin ya faɗi ƙwarai, har ana iya hira ba a ɗaga murya ba. Amma yana nan a ƙasa-ƙasa tsakanin 70 da 90, kuma karkarwar tashi ko gezau. Kawu ya ce shi wannan ya ishe shi, zai iya zama da ita haka. Ban ga laifinsa ba, mutum ne da ya gaji da biya. Baba dai bai sake fuska ba. Ya ce kuros na tsakiya zai sake mutuwa, kuma ba ya son ya mutu a tsakiyar Falgore da dare, inda farfela in ta tsinke tana iya dukan tanki ko ta caki kwalta.

Ana cikin haka aka kira la'asar. Bayan an idar muna zaune a benci, direba ya ce, ba ma da Baba yake ba, da yaron garejin yake:

"Ni abin da ke ɗaure mini kai, in na ɗauko masara daga Doguwa ba ta yi. Sai na sauke."

Baba ya juyo. "Me ka ce?"

"In da lodi lafiya lau take tafiya, Baba. Ko karkarwar nan ba ta yi sosai."

"Yaro, me ya hana ka faɗa tun safe?"

"Ba a tambaye ni ba, Baba."

Gaskiyarsa ce. Duk garejin da aka kai ta, wayam aka kai ta, kuma mai mota ake tambaya, ba wanda yake wuni a cikinta ba. Aka aro buhunan masara shida a wani shago da ke kusa aka jera a baya. Motar ta zauna. Ta tashi ba karkarwa, ta kai 80 madubi tar. Aka sauke buhuna, rawa ta dawo. Lodi ba ya gyara ƙarfen da ya lanƙwashe, ba ya mayar da dalmar da ta faɗi. Abu ɗaya yake canjawa a ƙarƙashin mota: yana danne sifirin, shasi ya matso kusa da aksil, farfela ta rage gangara. Buhunan suna mayar da motar tsayin da aka ƙera ta a kai ne.

Aka tsayar da ita a daidaitaccen wuri, a kan ƙafafunta, ba a kan jak ba, don awon da aka yi aksil yana rataye ƙarya yake bayarwa. Baba yana da zare da noti a ɗaure a bakinsa da ma'aunin kusurwa irin na 'yan makaranta. Yaronsa yana da manhajar awon karkata a waya. Aka yi da duka biyun, suka zo ɗaya. Bakin akwatin ogizilari ya karkata ƙasa da digiri 3. Gaɓar farfela ta gaba, 4. Gaɓar baya, 12. Hancin aksil yana kallon sama da digiri 8. Kusurwar kowane kuros ita ce bambancin abin da ke gabansa da abin da ke bayansa: na gaba 1, na tsakiya 8, na baya 4.

Ga wanda ke mutuwa, ga dalilin mutuwarsa. Ƙa'idar da kamfanin Dana, magajin Spicer, yake bayarwa ita ce kusurwar aiki kada ta wuce digiri 3 in ana son kuros ya yi cikakken kwanansa, na wannan baki da na wancan kada su bambanta da fiye da digiri 1, kuma kada ta zama sifili, a bar aƙalla rabin digiri domin allurai su riƙa motsi suna shan giris. Ga farfela mai kuros uku akwai lissafi mai sauƙi: a ninka kowace kusurwa da kanta, a haɗa ta gaba da ta baya, a gwada da ta tsakiya. A motar Kawu, 1 da 16 sun ba da 17, ta tsakiya kuma 64. Babu yadda za a yi 17 ta biya bashin 64.

Yadda aka kai ga haka ba ɓoyayye ba ne. Gaɓar baya ba ta kai mita ɗaya ba. Ka ɗaga bakinta ɗaya da santimita 7 da rabi, gangararta ta ƙaru da wajen digiri 5, kuma wannan ƙarin a kan kuros na tsakiya da na baya ya sauka, tunda gaɓar gaba tana ɗaure da shasi ba ta motsa ba. Dogayen shakul kuma sun yi ɓarna ta biyu. Su a bayan sifirin suke, in sun yi tsawo sai su tura bayan sifirin ƙasa, aksil ya mirgina, hancinsa ya ɗaga sama. Wannan ya rage kusurwar kuros na baya a daidai lokacin da ake buƙatar ta ƙaru ta yi daidai da ta tsakiya. Karkarwar tashi ma daga nan take. A giya ta ɗaya ne ƙarfin da ke bi ta farfela ya fi yawa, kuros mai babbar kusurwa yana tura sandar gefe da gefe, boris na tsakiya yana dukan robarsa, dukan yana shiga shasi a daidai ƙarƙashin kujera. Shi ya sa robar ta tsage.

Baba ya ce a cire dogayen shakul a mayar da na asali, a bar ƙarin fallen sifirin. Nan Kawu ya turje. Ya ce tsayin nan kuɗi ya biya, kuma saboda shi aka yi duk wannan wahala.

"Alhaji, sunkuya ka duba. Mene ne ya fi kusa da ƙasa a motar nan?"

Kawu ya tattare babbar riga ya leƙa. Ƙullin aksil ne, dunƙulen da ke tsakiyar ƙafafun baya.

"Shakul bai ɗaga wannan ko da kaurin takarda ba. Bodi yake ɗagawa. Abin da ya ɗaga maka aksil daga ƙasa tayoyin nan ne, kuma ba zan taɓa su ba. Inci ɗaya za ka rasa a bodi, tudun hanya kuma da aksil yake fara gaisawa."

Wannan magana ce da ya kamata duk mai shirin ɗaga mota ya ji kafin ya biya, kuma ban taɓa jin mai sayar da kayan ɗagawa ya faɗe ta ba. Shakul da ya ƙaru da inci 2 ma inci 1 kawai yake ɗaga mota, don aksil a tsakiyar sifirin yake zaune.

Na asalin suna gidan Kawu a cikin buhu, washegari aka kawo su. Da aka mayar, gangarar gaɓar baya ta ragu, hancin aksil ya sauko zuwa 6. Saura a sauke boris na tsakiya kaɗan daga shasi, domin gaɓar gaba ta ɗauki wani abu daga cikin kusurwar. Baba bai yanki ƙarfe nan take ba. Ya sa notina masu tsawo, yana ƙara wasa ɗaya-ɗaya tsakanin shasi da mariƙin boris, kowane ƙari a fita a gwada tashi. Karkarwa tana raguwa, tana raguwa, ta ɓace. Ya ƙara wasu don ya ga iyaka, sai wata sabuwar rawa ta ɓullo a giya ta biyu, saboda yanzu kuros na gaba ne ya fara karyewa da yawa. Ya rage ya koma inda ta yi shiru, ya auna kaurin, santimita 1 da rabi, sannan ya sa aka yanko faifan ƙarfe guda mai wannan kauri aka huda shi. Aka sa sabuwar roba da sabon kuros na tsakiya. Ya kuma duba haƙoran zamewa ya tabbatar da sauransu a ciki da yawa, ba za su zare ba in ƙafa ɗaya ta faɗa rami.

Awon ƙarshe: na gaba 2 da rabi, na tsakiya 4, na baya 3 da rabi. A lissafin ɗazu, kusan 6 da kusan 12 sun ba da 18 da rabi, ta tsakiya 16. Aka gwada ta wayam, aka gwada ta da buhuna, har 100 a kan kwalta. Babu gurnani, babu karkarwa.

Baba bai ɓoye wa Kawu cewa digiri 4 ya ɗan haura ƙa'ida ba. Ya ce kuros ɗin ba zai yi kwanan na motar da ba a taɓa ba, don haka duk canjin baƙin mai a bi kan nonon giris guda-guda da famfo har sabo ya fito, haka kuma duk ranar da ta ratsa rafi ruwa ya kai mata ciki. Ya ce wa direba ya riƙa leƙa cikin wili da sanda kafin laka ta kwana, ya kuma riƙa duba robobin sandunan ƙafar gaba, don su ma ɗagawar ta ƙara musu karkata, kuma in roba ta yage yashi ya shiga, kwanan gaɓar ya ƙare.

Kawu ya tambaya ko akwai yadda za a mayar da incin nan ba tare da rawa ba. Baba ya ce akwai: a samo farfela mai kuros biyu a haɗe a baki ɗaya, a saƙa weji na ƙarfe tsakanin sifirin da aksil har hancinsa ya kusa kallon sandar kai tsaye, a sake awo daga farko. Ya faɗi abin da zai ci. Kawu ya yi shiru yana lissafi, ya ce a bar ta haka, kuɗin ya fi amfani a taki.